Gasar Gajerun Labarai da 'Ya'yan Zangon Accra: Zaman Kallo Ya Isa Haka

Duk shekara idan aka buɗe gasar rubuta gajerun labarai da Hausa, sanarwar takan iso mu a Nima da Maamobi da New Town a ranar da take isa Kano da Zariya da Maraɗi. Mukan ji ta a rediyo, mu gan ta a waya, mu tura wa juna, sa'an nan mu bar ta ta wuce kamar ba da mu ake ba. In an bayyana waɗanda suka yi nasara, sai mu yi tafi daga nesa. Mu kuwa Hausar nan da ita muke ciniki a kasuwar Nima, da ita muke sulhu a gidajen haya, da ita ake yi mana wa'azi, da ita muke ba'a a majalisar shayi. A ganinmu zaman kallon nan ya isa haka. Ya kamata 'ya'yan Zangon Accra su shiga fage, kuma su shiga da labarai masu riƙe mai karatu: na bincike, na aljanu, na kasada, na tarihi, da na hasashen gobe, waɗanda aka gina su a cikin lungunanmu.

Wanda ya ɗauki gasa a matsayin wasan neman kuɗi kawai, to ya waiwayi tarihin ƙagaggen labarin Hausa na boko, domin a bakin gasa aka haife shi. A shekarar 1933 Rupert East na Hukumar Fassara da ke Zariya ya nemi malaman Arewa su rubuta labarai daga tunaninsu. Daga nan aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida tare da East ɗin. Mu dubi abin da ke cikinsu. Ɗaya tafiya ce ta neman wani ruwan magani mai cike da abin al'ajabi da zamba da raha. Ɗaya jarumi ne da ya kara da Turawa sa'an nan ya faɗa duniyar aljanu. Ɗaya yaro ne da aka sace aka bi da shi ta cikin hamada a zamanin bauta. Akwai na ɓarayi, akwai na soyayya da ramuwar gayya. Wato tun ranar farko adabinmu na zube da labarin kasada ya soma tafiya. Imam kuma, wanda aka haifa a 1911, matashin malamin makaranta ne a Katsina lokacin da ya shiga gasar.

Haka abin ya ci gaba. Gasar kamfanin NNPC ta ƙarshen shekarun 1970 ta fito da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina da So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwahid, aka buga su a 1980. Gasar Sashen Al'adu na Tarayyar Nijeriya ta biyo baya, a 1982 aka buga Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina da Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, wanda har yau masu son labarin makamai da ta'asa suke ambato. A zamaninmu kuma BBC Hausa ta ƙaddamar da Hikayata a 2016 domin mata zalla, Aisha Muhammad Sabitu ta fara lashe ta da Sansanin 'Yan Gudun Hijira. A 2022 kambun ya tsallaka iyaka zuwa Nijar, Amira Souley ta Maraɗi ta ɗauke shi da Garar Biki. In Maraɗi ta iya, babu abin da ya rubuta a goshin Accra cewa ba za ta iya ba.

Abin da ya fi damun mu shi ne, labarin Nima ana rubuta shi kullum, sai dai da alƙalamin wasu. A jaridu sunan unguwarmu yakan fito ne in an yi faɗan matasa, ko samamen 'yan sanda, ko ambaliya. A rahotannin ƙungiyoyi mu adadi ne na cunkoso da shara. A littattafan masu bincike mu abin nazari ne. Ba mu ce duk ƙarya suke yi ba, amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, shi kuma ya san inda iska mai daɗi take shigowa. Yaron da ya tashi bai taɓa ganin unguwarsu a cikin labari ba sai a shafin laifuffuka, zai yi wuya ya yarda cewa jarumi yana iya fitowa daga ƙofar gidansu. Duniya ta san ƙafar Nima ta hanyar Mohammed Kudus, ta san muryarta ta hanyar mawaƙan VIP. Saura alƙalaminta.

Kuma ƙasar nan ba baƙuwa ba ce ga alƙalamin Hausa. Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano ya zauna a Salaga, sa'an nan ya koma Kete Krachi bayan yaƙin basasar Salaga na 1892, ya yi rubutu da Larabci da Hausar ajami a kan talauci da wadata da zuwan Turawa, har ya rasu a 1934, shekarar da aka fara buga littattafan gasar Zariya. A zamanin nan Mohammed Naseehu Ali, ɗan Zangon Kumasi, ya fitar da tarin gajerun labarai mai suna The Prophet of Zongo Street a 2005, Ayesha Harruna Attah kuma ta fitar da The Hundred Wells of Salaga a 2018. Waɗannan biyun da Turanci suka yi, sun kuma nuna cewa duniya tana da ƙishirwar labarin Zango. Abin da ya rage shi ne a ji shi da harshen da ake rayuwarsa.

Me ya sa muke ja da baya? Dalili na farko makaranta ce. Hausa ba ta cikin harsuna 11 da Hukumar Harsunan Ghana take kula da su, duk da cewa gidan rediyon gwamnati ya daɗe yana watsa labarai da ita. Saboda haka ɗan Nima yakan koyi rubutun Turanci a makarantar boko, ya koyi na Larabci a makaranta, wataƙila ya taɓa Ga ko Twi a aji, amma harshen da yake mafarki da shi babu wanda ya koya masa ƙa'idar rubuta shi. Sai ka ga saurayi mai fasahar zance, wanda in ya fara ba da labari shayi ke hucewa a hannun mutane, yana rubuta Hausa a waya da ƙa'idar Turanci. Wannan matsala ce ta gaske, amma mai magani ce. Ƙa'idojin rubutun Hausa ba su kai wuyar tajwidi ba, mu kuwa mun koyi tajwidi. Wanda ya lizimci karanta shafukan Hausa na BBC da Aminiya da DW wata uku, ya riƙa lura da inda ake raba kalma da inda ake haɗe ta, ya sa haruffa masu lanƙwasa a allon wayarsa, zai ga hannunsa ya faɗa.

Dalili na biyu kunya ce. An daɗe ana ce mana Hausarmu ta lalace, mu ma har mun soma yarda. Gaskiya ne Gananci ya sha bamban da Kananci: da yawanmu ba ma rarrabe jinsin namiji da na mace a suna, mukan ce motan nan inda Bakano zai ce motar nan, kuma ƙ da ɗ sukan saje da k da d a bakinmu. Amma ai Zazzaganci ma yana da irin wannan hali game da jinsi, Sakkwatanci da Katsinanci kowanne da nasa salon, ba a kuwa ce su bar rubutu ba. Harshen da ya zauna da Ga da Twi da Dagbani da Zabarmanci da Kotokoli fiye da shekara ɗari dole ya ɗauki ƙamshinsu, kamar yadda su ma suka ɗauki namu. Waakye da koko da koose da tuo zaafi da duk Ghana take ci, sunayensu daga bakinmu suka fita, garin Kasoa ma kasuwa ce tamu. Shawararmu ga mai shiga gasa ita ce ya rubuta bayanin labarinsa da daidaitacciyar Hausa, don alƙali a Kano ko Sakkwato ya bi shi ba tuntuɓe, amma in taurarinsa za su yi magana ya bar su su yi da bakinsu na Nima. Wannan bambancin shi ne gishirin da babu wani ɗan takara daga wata ƙasa da zai zo da irinsa.

Dalili na uku shi ne masu cewa ƙagaggen labari ƙarya ce, bai dace da ɗan makaranta ba, balle a ce na aljanu ko na ɓarayi. Muna girmama masu wannan tsoro, amma muna tuna musu cewa Muƙamatul Hariri da ake karantawa a zaurukan malamanmu ƙagaggun labarai ne na wani mayaudari mai fasahar baki, malamai kuma ba su jefar da shi ba. Bello Kagara da ya rubuta Ganɗoki malami ne da ya kai ga sarautar Walin Katsina. Ƙarya ita ce a faɗa wa mutum abin da ba haka ba don ya ɗauka haka ne. Mai tatsuniya da mai sauraro kuwa sun yi yarjejeniya tun daga gatanan gatananku har zuwa ƙurunƙus. Wa'azi yana da mumbarinsa. Labarin da aka cika shi da nasiha daga farko har ƙarshe yakan gaji mai karatu tun kafin darasin ya iso, wanda kuwa aka bar taurarinsa suka girbi abin da suka shuka, darasinsa yakan zauna a zuciya ba tare da an nuna shi da yatsa ba.

To, da wane labari za mu shiga? A nan ne arzikinmu yake, don abin da marubucin wani gari zai sha wahalar ƙirƙirowa mu a ƙofar gida muke taka shi.

Mai son labarin bincike ya dubi gidan haya mai ɗaki ashirin, famfo ɗaya, ƙofa ɗaya, inda kowa ya san takun kowa. A ce kuɗin adashi sun ɓace daren da za a kwashe su, saura kwana uku Sallah. Wa zai gano ɓarawon? Ba sai an ɗauko ɗan sanda mai tabarau daga fim ba. Tsohuwa mai koko da ke tashi tun kafin assalatu ta hura wuta ta san wanda ya shigo a makare, ta san wanda ya sayi ƙosai da sabuwar takardar kuɗi alhali jiya bashi ya ci. Ga mai bincike, ga shaidu masu harshe biyar, ga kuma dalilin da zai sa kowa ya ɓoye wani abu.

Mai son labarin aljanu ya tsaya a bakin babbar kwatar da ta raba Nima da Maamobi da dare, lokacin da wuta ta ɗauke. Kafin gidajen nan, wurin makiyaya ne. A farkon shekarun 1930 Malam Amadu Futa, Bafulatani mai harkar shanu, ya sami filin daga hannun iyalin Odoi Kwao na Osu, unguwar kuma ta cika ta batse bayan Yaƙin Duniya na Biyu. In mutane sun zo sun tarar da wasu mazauna da ido ba ya gani, da wa aka yi yarjejeniya, wa kuma ya karya ta?

Mai son tarihi yana da ranar 18 ga Nuwamba 1969, ranar da gwamnatin Kofi Busia ta ba baƙin da ba su da takardar zama kwana 14 su bar ƙasar. New Town da ake kira Lagos Town a da, da Nima, da Sabon Zango da Malam Baƙo ya kafa, duk sun ga abin da ya faru: gidaje da aka sayar da arha, aure da ya rabu a tasha, mutumin da aka haifa a Accra aka ce ya koma garin da bai taɓa gani ba. Kwana 14 agogo ne da ke bugawa da kansa, marubuci ba ya buƙatar ƙara masa komai don zuciyar mai karatu ta riƙa dukan uku-uku. A 1983 kuma Nijeriya ta yi irin nata korar, wasu iyalan suka sake ɗaure kaya suka juyo. Akwai kuma tsohon soja da ya dawo daga yaƙin Burma, daga rundunar da takenta da Hausa yake, Kullum Shiri, ya tarar alƙawarin da aka yi masa ya bi iska, har ya shiga jerin gwanon 28 ga Fabrairu 1948 da aka buɗe wa wuta a kan hanyar fadar gwamna.

Mai son kasada ya bi ayarin fataken goro daga Salaga zuwa Kano, tafiyar watanni ta Yendi da Sansanne Mango da ƙasar Borgu, da madugu da jagaba da 'yan fashi da tsallaka Kwara. Ko ya bi goron ta teku daga gaɓar nan zuwa Ikko, hanyar da Alhassan Ɗantata ya bi a ƙuruciyarsa kafin ya zama attajirin Kano. Ko ya bi jikokin waɗannan fatake da a yau suke ratsa Agadas zuwa Libiya a bayan mota, jarkar ruwa a tsakanin ƙafafu.

Mai son hasashen gobe kuma ya tuna Umaru Dembo ya kai yaron Hausa sararin samaniya tun 1969 a cikin Tauraruwa Mai Wutsiya. Accra gari ne da teku ke ci ta gaba, ruwan sama ke ci ta baya. Wanda ya ga daren 3 ga Yuni 2015, da ambaliya da gobarar gidan mai suka haɗu a Circle suka ci rayukan mutum kimanin 150, ya san haka. Ga Nima kuma a tsakiyar gari, kusa da Kanda da fadar shugaban ƙasa da unguwannin filin jirgi, a kan ƙasar da kowane mai kuɗi yake haɗiyar yawu a kanta. Yaya unguwar za ta kasance nan da shekara hamsin? Wa zai kira salla daga bene na arba'in, wa kuma za a bari a ƙasa?

Samun abin faɗa rabin aiki ne. Sauran rabin shi ne a sa mai karatu ya ji kamar da ƙafarsa ya shiga. Gani ya kori ji, aikin marubuci kuwa shi ne ya mayar da ji ya zama gani. Wanda ya rubuta cewa unguwar tana da cunkoso bai nuna wa kowa komai ba. Wanda ya rubuta cewa lungun bai isa mutum biyu su gitta ba sai ɗaya ya juya kafaɗa, kuma makara in za ta fita sai an karkata ta, ya riga ya shigar da mai karatu ciki. A bar shi ya ji ƙamshin ganyen waakye da asuba, da ƙarar keken tela a daren jajibere, da kiran yaron trotro, da nauyin jarkar ruwa mai ruwan ɗorawa a kan yarinyar da ta makara makaranta. Abu uku da aka gani da ido sun fi siffa goma. Gajeren labari kuma ba ya ɗaukar tarihin zuri'a: mutum ɗaya, buƙata ɗaya, abu ɗaya da ya tare masa hanya, da lokacin da ke ƙure masa. A fara daga inda wuta ta kama, a tsaya inda ta ci abin da za ta ci. In an saka aljani, a ba shi doka, abin da yake iyawa da abin da ba ya iyawa, kada a karya dokar don a kuɓutar da tauraro. In an saka ɓarawo, a ajiye alamunsa tun da wuri, yadda mai karatu zai dafe kai a ƙarshe ya ce ai kuwa an nuna mini.

Akwai tarko guda da ya kamata mu kauce masa, wato sayar da wahalarmu don a tausaya mana. Talauci yana nan, ba za mu ɓoye shi ba, amma tauraron da ba ya komai sai kuka ba ya riƙe kowa. A ba shi wayo, a ba shi laifi, a ba shi abin dariya, a bar shi ya yi zaɓi ya biya kuɗinsa.

Game da shiga gasar kanta, ba a fafe gora ranar tafiya. A karanta sharuɗɗa da kyau: yawan kalmomi, shekarun masu shiga, ranar rufewa, da ko an yarda da labarin da aka taɓa wallafawa, domin saka labari a Facebook ma wallafawa ce a wurin wasu masu gasa. A rubuta da wuri, a ajiye shi mako guda, a karanta shi da ƙarfi a gaban mutum biyu da ba sa jin kunyar faɗin gaskiya, duk inda suka ɗauki waya to nan ne labarin ya yi sanyi. A guji kwafar fim ko littafin wani, a guji kuma duk gasar da ta fi ƙwazo wajen karɓar kuɗin rajista fiye da bayyana alƙalanta. 'Yan'uwanmu mata suna da Hikayata, wadda ake karanta zaɓaɓɓun labaranta a rediyo. Maza da mata duka suna da gasar gajerun labarai ta ƙasashen Kwamanwel, wadda Ghana take cikinsu: kyauta ake shiga, kalmomi 2,000 zuwa 5,000, kuma tana karɓar labarin da aka fassara zuwa Turanci daga wani harshe. Mai rubutu da Hausa ya nemi abokinsa mai Turanci su yi aikin tare.

Ba kowa zai ci ba, wannan sananne ne. Amma wanda ya shiga bai ci ba ya fita da labari kammalalle a hannunsa, abin da ba shi da shi kafin ranar rufewa ta matsa masa. Amfanin gasa ke nan na farko: tana sa wa mafarki wa'adi.

Daga ƙarshe muna kira ga manyanmu. Sarakunan Zango, da attajiran kasuwa, da gidajen rediyo masu Hausa irin su Marhaba FM, da ɗakin karatu na Nima da Maamobi, da Asusun Raya Zanguna, babu abin da zai hana su haɗa hannu su kafa gasar gajerun labarai ta Zangon Ghana, a karɓi boko a karɓi ajami, a karanta waɗanda suka yi fice a rediyo, a tara su a littafi duk shekara. Kuɗin da za a kashe bai kai na bikin aure guda ba. Gasar 1933 littattafai biyar kawai ta haifar, ga shi har yau ana karanta su a makarantu. Kakanninmu sun zo garin nan, da suke kira Ankara, da goro da shanu da allo, suka bar mana unguwanni da masallatai da harshe. Ya rage namu mu bar wa na baya labarin yadda aka zauna a cikinsu, da hannunmu, da bakinmu. Allah Ya ba mu ikon ɗaukar alƙalami, Ya sa albarka a abin da za mu rubuta.